Daddawar Da Ta Ƙetare Damina

Jama'a, ashe daddawa tana tsufa, kuma in ta faɗa hannun wadda ta iya ajiya, tsufan nan daɗi yake ƙara mata! Tun kafin in sauke jaka na fara ba mutanen gidanmu labari. Na ba maƙwabta, na buga wa yayata da ke aure a Katsina waya na ba ta, yanzu kuma ga ni gabanku, don abin ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. A wani ƙauye da ke tsakanin Ka'oje da Tsamiya, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, can inda in ka ƙara gaba kaɗan sai ka ji ana ciniki da sefa, aka ɗora mini a tafin hannu daddawar da ta shekara cikin tukunya. Tun ina ƙarama nake cin daddawa, ta Kano, ta Zariya, ta Gusau, amma irin wannan harshena bai taɓa gamuwa da ita ba.

Biki ne ya kai ni. Ƙanwar wata aminiyata za a kai ɗaki, aka ce lallai sai na je. Tsakiyar bazara ce, rana na dukan ƙasa. Muka bar garin Bagudo, muka haye Kwara ta gadar Tuga, ga masunta a kwale-kwale, ga fadamun shinkafa da albasa sun miƙe iya ganinka. Da muka wuce Ka'oje sai ƙasa ta sauya ta zama tudu, gonaki fetal ba shuka, amma a tsakiyarsu ga ɗorawa tsaye ta baza rassa, 'ya'yanta dogaye suna reto gungu-gungu. Mata na ƙasa da gora mai ƙugiya suna kaɗowa. Yara kuwa duk wanda ka gani bakinsa da kumatunsa sun yi rawaya da garin ɗorawa.

Da daddare aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Miya ce ta gida, ba ta baƙi ba: babu nama, sai ɗan bandan kifi da aka marmasa, da man shanu a sama. Na yanki lomar farko ina cikin hira. Ban ƙarasa maganar da na ɗauko ba, wallahi tsit na yi! Miyar tana da wani nauyi a baki wanda ba na kauri ba ne, na ɗanɗano ne, sai ka rantse an kwana ana dafa ƙashin sa a cikinta. Ba ta kuma da wannan kaifin da ke tsaya wa mutum a harshe ya sa shi neman ruwa bayan ya sha miyar dunƙule. Daɗinta ba gaba ɗaya yake zuwa ba, bi da bi yake zuwa, har bayan ka haɗiye wani na tasowa.

Na ce wa aminiyata, "Ke, wa ya yi miyar nan?" Ta nuna mini kakarta, wadda duk gidan ke kira Inna, tana zaune a tabarma tana jan carbi. Na matsa na durƙusa.

"Inna, sannu da hutawa. Don Allah me kuka sa a miyar nan?"

"Mi kinka ji, ɗiyata?"

"Abin da ban taɓa ji ba, Inna."

"Babu komi ciki sai kuka da gishiri da tonka da daudawa. Amma daudawar ta bara ta. Ki kwana, da safe in gwada miki."

Hantsi bai gama ɗagawa ba ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, aka jera faifai uku. A na farko akwai wadda aka buɗe daren jiya, kwananta uku a rufe. Ƙwayoyin kalwa ne ɗai-ɗai, sun yi laushi, launin ƙasa-ƙasa, in ka ɗebo sai wani siririn yauƙi ya biyo yatsa. Warinta ya riga ta isowa: ya daki hanci, ya hau ka, har ido ya kawo ruwa. Shi ne warin da ya ja wa daddawa baƙin jini a wurin 'yan birni, wanda ke sa a toshe hanci in an gitta gidan da ake yin ta. A baki tana da daɗi, daɗin wake mai maiƙo, sai dai gajere ne, kana haɗiyewa ya tafi.

Ta biyu ta hunturun da ya wuce ce, an kirɓa, an faɗaɗa, an shanya. Ita ce wadda muka sani a kasuwa, baƙa, mai tauri, warin ya ragu amma yana nan. Ba sai na tsaya a kanta ba.

Sai ta uku. Inna ba ta aiki kowa ba. Da kanta ta shiga ɗakin girki ta sauko da wata 'yar tukunyar ƙasa daga ragaya, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, an kife bakinta da ƙoƙo an ɗaure da tsumma. Ta kwance. Na shirya hancina don karɓar duka, sai dukan bai zo ba. Ƙamshi ne ya fito a hankali. Ta ɗauko guda ta karya, ta yi ƙas. Bayanta baƙi ne mai ɗan sheƙi, amma cikinta ja ne mai duhu, launin busasshen jan goro. Na kai hanci. Gasasshiyar gyaɗa na fara ji, irin wadda aka bari ta ɗan wuce a yashi. Bayanta hayaƙin itace. Can ƙasa kuma wani abu mai ɗaukar hankali zuwa baƙin cakulan, da kilishin da ya daɗe a takarda. Na sake shaƙa, sai na ji har da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Duk a cikin abu ɗaya!

"Gutsuri kaɗan, kada ki tauna. Aje ta bisa halshe, ki bari ta narke."

Na yi yadda ta ce. Gishiri ne ya fara zuwa. Daga nan ɗan ɗaci ya biyo, ba mai sa yamutsa fuska ba, ɗaci mai tsabta, ya tsaya kaɗan ya wuce. Sannan wani daɗi mai faɗi ya bazu gefe da gefen harshe, ya cika dasashi, yawu ya tsinke. Daɗin romo ne, amma romon da babu ruwa a cikinsa ko ɗigo. Ina cewa an gama, sai ga wani zaƙi-zaƙi can a maƙogwaro, siriri, irin na busasshen dabino, ya zauna ya ƙi tashi. Aka miƙo mini ruwan randa na kurɓa, ruwan ma ya yi zaƙi! Na dubi Inna, na dubi ɗan baƙin abin da ke hannuna, na ce, "Inna, wannan fa dukiya ce." Ta ce, "Ai da tsohuwar zuma ake magani, ɗiyata."

Kuma ba ta da yawan ci. Gutsuren da bai wuce kan babban yatsa ba ta daka da barkono, ta zuba tun ruwan miya bai tafasa ba, shi ya ɗauki tukunyar da ta ciyar da gida guda. Da ita ta haɗa wa amarya yajin da za ta tafi da shi ɗaki, na lasa, citta da masoro da kanumfari duk suna nan, amma daddawar ce ta riƙe su wuri ɗaya.

Ranar ban shiga hidimar biki ba sai da yamma. Na manne wa Inna da matan 'ya'yanta, don a ranar ma akwai tukunya a wuta. Wanda bai ga aikin kalwa ba bai san abin da yake saye da 'yan canjinsa ba. Bayan an ɓare ɗorawa, an daka, an tankaɗe garin, sai a wanke ƙwayar a shanya. Ita ce kalwa, kuma tauri gare ta na ban mamaki. Ɓawon ma ba a yarwa, shi ne makubar da ake jiƙawa a yi daɓe da shafen katanga. Kalwa kan wuni ta kwana a kan wuta, ana ƙara ruwa ana tura itace, kafin fatarta ta saki. A sauke, a zuba a turmi da ɗan toka ko yashi a surfa, a kai bakin rijiya a yi ta wanki a ƙwarya mai huji-huji har baƙar fatar ta tafi, a tsince waɗanda suka ƙi dahuwa ɗaya bayan ɗaya. A sake mayarwa wuta da 'yar kanwa. Sai a tsane ta da zafinta, a juye a masaki ko kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a lulluɓe da buhu da tsummoki, a kai lungun ɗaki a ja ƙofa. Ba a leƙawa. Inna ta kama hannuna ta cusa ƙarƙashin buhun wata da ta kwana biyu. Zafi rau, alhali rabonta da wuta tun shekaranjiya!

Wannan zafin na ma'aikata ne da ido ba ya gani. A 1981 wani masani na Jami'ar Ibadan, S. A. Odunfa, ya wallafa bincikensa kan ƙwayoyin halittar da ke juya kalwa ta zama daddawa, kuma babbar cikinsu ita ce wadda ake kira Bacillus subtilis. Irinta na da jure zafi ƙwarai, tana nan a jikin ƙwarya da ganye da buhu, da ta sami ɗumi da laima sai ta farka ta hau cin kalwa. Kalwa cike take da furotin da mai. A busasshiyar daddawa furotin kan haura kashi 30 cikin 100. Ƙwayar nan tana yayyanka furotin ɗin zuwa ƙananan sinadarai, daga cikinsu akwai gulutamet, tushen wannan daɗin romo da na ji ya cika mini baki. Shi ne dai wanda Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokyo ya gano a 1908 cikin ciyawar tekun da mutanen Japan ke romo da ita, aka mayar da shi farin magi. A shekarar ce kuma kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da dunƙulensa. Abin da masana'anta ke sayar mana a ƙunshe, iyayenmu mata sun daɗe suna haɗa shi a lungun ɗaki da buhu da ganye. Mutanen Japan ma da wannan ƙwayar suke yin natto na waken soya, shi ma da yauƙinsa.

To ina warin ke fitowa, ina kuma yake tafiya? Wurin yanka furotin ne iskar amoniya ke tashi, ita ce mai hawa ka. Ita kuwa ba ta da zama, rana da iska suna kwashe ta sannu a hankali. Abin da ya rage a cikin daddawar kuma bai daina aiki ba don an shanya shi. Sinadaran furotin da ɗan sukarin da ya saura suna ci gaba da haɗuwa, haɗuwar da wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Ita ce ke sa bayan burodi ya yi ja, tsire ya yi ƙamshi, gyaɗa ta sauya a kasko. A kan wuta cikin mintoci take faruwa. A tukunyar Inna watanni take ɗauka, shi ya sa launin ke ƙara duhu, kaifin ke kwanciya, ƙamshin gashi ke fitowa daga abin da ba a taɓa gasawa ba. Da na haɗa wannan da abin da na ɗanɗana, sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma fa ba kowace daddawa ke tsufa ba. Mafi yawa lalacewa take yi: ta yi fumfuna, ko tsutsa ta shige ta, ko ta yi wani ɗoyi na daban wanda ba shi da gyara. A nan gwanintar Inna take, kuma ba ta ɓoye mini komai ba. Wadda za a ajiye, in ji ta, tun daga kalwa ake zaɓen ta, ƙosasshiya, ta bana, wadda ƙwaro bai huda ba. A bazara ake yin ta, lokacin da rana ke da ƙarfin shiga har tsakiya. Wurin kirɓi a saki hannu da gishiri. Ta ce a zamanin mahaifiyarta gishirin Foga ake sawa, wanda ke shigowa ta Gaya daga ƙasar Nijar, kuma har yau in ta samu shi ta fi so. A faɗaɗa ta siririya, kada a yi mata ƙaton curi, don curi bayansa kan bushe cikinsa na ɗanye. A yi ta shanya har sai in an karya ta yi ƙara. Sannan a nemi tukunyar ƙasa wadda ba ta taɓa ganin mai ba, a jefa busasshen barkono a ciki saboda ƙwari, a rataye inda hayaƙin murhu ke bi. Leda kuwa ko kusa, gumi take sa ta, ta kashe ta.

"Alƙalin daudawa marka," in ji Inna. Cikin watan Agusta, sa'ad da gishiri ke jiƙewa a kwano, tufa ta ƙi bushewa a igiya, a nan ake gane wadda aka yi da gaskiya. Duk ranar da hadari ya yaye rana ta buɗe, sai ta sauko da tukunya, ta baje a faifai, ta juya, kafin la'asar ta mayar. Haka har kaka. In hunturu ya busa a kanta, ta ƙetare, daga nan sai ƙarin daɗi. Na tambaye ta ko in an bar ta shekara biyar za ta fi haka. Ta girgiza kai. Ganiyarta, in ji ta, daga shekara guda ce zuwa shekara da rabi. In ta doshi biyu sai man da ke cikinta ya juya, ta fara maƙaƙi a wuya, ƙamshin ya dushe. Tana da ƙuruciya, tana da ganiya, tana da gangara, kuma mai ita da hanci take sanin inda ta kai.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ta ce kalwar itacen bakin fadama daban take da ta tudu. Ta fadama ta fi girma da maiƙo, ta tudu ƙanana ce amma ta fi ƙamshi, ta kuma fi jure ajiya. Har itatuwa take ambata ɗaya-ɗaya, wancan na gonar marigayi mijinta, wancan na hanyar rafi. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ma, ta ce, ana jin ta a daddawar da ta biyo baya. Ta aika aka karɓo mini ta wata maƙwabciya da ake yi da kalwar fadama, ita ma ta bara. Na ɗanɗana. Wallahi ba ɗaya ba ne! Ta maƙwabciya ta fi taushi da maiƙo, ta Inna ta fi daɗewa a baki. Gida biyu, darni ɗaya ne tsakaninsu.

Ranar kasuwar Tsamiya na bi 'yan biki sayayya, na zame na nufi layin masu kayan miya. Daga nan Segbana ta Jamhuriyar Benin ba nisa, kuma kasuwar ta kowa ce, kana jin Hausa da Fulatanci da yaren Dandi da na Boko, da Faransanci jefi-jefi. Matan da suka ƙetaro sun zo da tasu, wadda Bargawa ke kira sonru, mai laushi, ƙwayar ta kusa narkewa. Paulin Azokpota na Jami'ar Abomey-Calavi da abokan aikinsa sun rubuta a 2006 cewa iri uku ake yi a Benin: afitin ta kudu mai kwana ɗaya a rufe, da iru da sonru masu kwana biyu, kuma ana sa wa sonru wani haɗi na 'ya'yan yakuwa da ake kira yanyanku don ta yi laushi. 'Ya'yan yakuwar nan su ne dai muke yin daddawar batso da su, ga ta nan ma a gefe da ƙarfin warinta. Ga ta waken soya, mai araha, wadda mai sayar da ita da bakinta ta ce mini in saya in ci, kada in ajiye, ba ta ƙetare damina. Ga kuma Fulani da wagashi, cukun nan da ake daskararwa da tumfafiya a rina shi ja da karan dafi. Yana da daɗi ƙwarai, amma sai ana sake tafasa shi in ana so ya kwana biyu. Na bi layin ina tambayar mata ko akwai ta bara. Kaɗan ne suka ce akwai, can a ƙasan kwando, kuma kuɗinta ɗaya da sabuwa. Wata ma cewa ta yi za ta rage mini, tunda tsohuwa ce!

Wani Alhaji mai fataucin albasa, mutumin Kandi, wanda ya yi bokonsa da Faransanci, yana tsaye yana jin mu. Ya ce, "Hajiya, abin nan da kike nema, Faransawa sun mayar da irinsa arzikin ƙasa." Ya ɗauko mini zancen jar giyarsu ta inabi. Mu Musulmi ne, giya haramun ce, daga ni har shi babu mai kusantar ta. Abin da ya kama hankalina shi ne yadda suka ɗauki abin da ƙasarsu ke fitarwa. A jikin kwalba suna rubuta shekarar da aka tsinki inabin da sunan yankin, sau da yawa har da na gonar. Sabuwa bauri gare ta, saboda sinadarin da ke fatar inabi da ƙwallonsa, sai su jera ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi shekara goma, shekara ashirin, har baurin ya kwanta, kuɗinta kuma na hawa. Tun 1855 aka jera manyan gonakin yankin Bordo daraja-daraja, kuma har yau da wannan jerin ake ciniki. A 1935 suka kafa hukuma sukutum don kare sunayen yankuna. Cukunsu na Roquefort ma tun 1925 doka ta hana wani aron sunansa.

Ba a Faransa kaɗai ake haka ba. Cukun Parmigiano na Italiya ba ya samun wannan suna sai ya yi wata 12, kuma na wata 24 da na 36 sun fi tsada. A garin Okazaki na Japan ana danne miso na waken soya da tulin duwatsu a manyan gangunan katako har shekara biyu. Kusa da mu, a 2013 ƙungiyar OAPI, wadda Benin da Nijar ke ciki, ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajista da sunan yankunansu. A 2020 abarbar Allada ta Benin ta samu. Nijar ta bi da kilishinta da albasar Galmi. Mu kuwa ga baiwar Allah tana neman rage kuɗi saboda daddawarta ta kai ganiya. Abin ya tsaya mini a rai, har yanzu bai wuce ba.

Kuma ba yau baƙi suka fara lura da ɗorawa ba. Mungo Park ya bi wannan kogin da na haye a Tuga kafin ya halaka a Busa a 1806. Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya ba da labarin yadda ake sarrafa kalwa, ya yaba miyarta, kuma a 1826 masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa ɗorawa sunan Park a littattafan kimiyya. Fataken goro kuwa daga ƙasar Hausa suna ƙetare Kwara ta wajen Illo da Gaya, su ratsa Borgu su nufi Gwanja, watanni a hanya. Me zai gyara miyar zango in ba abin da zafi da nisa ba sa ɓatawa ba? A 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka tsaga Borgu biyu, Illo ta faɗo nan, Kandi da Nikki suka faɗa can. Jemagun da ke shan tutun ɗorawa da dare, suna kai ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan, har gobe ba su san da wannan layin ba, haka ma matan da ke aure tsakanin ɓangarorin biyu da ƙwaryar daddawarsu.

Abin da ya tsorata ni a hanyar dawowa shi ne, na yi ta duban gonaki ina neman ƙaramar ɗorawa, da ƙyar nake ganin ɗaya. Duk manya ne, tsofaffi, wasu sun fara bushewa daga sama. Buhunan gawayi kuwa ga su jere a bakin titi. Ɗorawa kan ɗauki shekara takwas zuwa goma kafin ta yi 'ya'ya na kirki. Awaki da gobarar daji da garma ba sa barin tsiron ya tashi, zarto mai inji kuma ba ya buƙatar awa guda. Matan da suka iya aikin suna tsufa, 'yan mata na gudun wari da hayaƙi, kuma ba na ganin laifinsu matuƙar wahalar mako guda ba ta sayen turmin zane. Ba ina cewa a jefar da dunƙule ba, yana da sauƙi, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. A shekarun 1990 ma kamfanin Cadbury ya fito da dunƙule mai suna Dadawa a Najeriya, shaida ce cewa masu masana'anta sun san inda daɗin yake. Amma dunƙulen bana da na baɗi ɗaya ne, na Kano da na Kwatano ɗaya ne. Ba shi da shekara, ba shi da gari.

Don haka ina roƙon malamanmu na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, su je su zauna gaban matan nan da littafi da ma'auni. A auna abin da ke faruwa a tukunya wata bayan wata. A tantance yawan gishiri da bushewar da ke hana fumfuna, don wadda ta yi fumfuna zubarwa ake yi, ba a kankarewa a ci. A gwada maganar tudu da fadama, a fito da ita a rubuce. Gwamnatin Kebbi da ta tsaya wa shinkafa tun 2015 har ƙasa ta ji, ta tsaya wa ɗorawa ita ma: a raba dashe, a kafa masa shinge, a hana sara. Ƙungiyoyin matan Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo su fara rubuta sunan gari da shekara a jikin ƙunshi, wannan ba ya jiran wata doka.

Ku kuma 'yan'uwana mata, da mazan da ke mana cefane, bazarar nan in kun je kasuwa ku tambayi mai daddawa abu biyu: ta ina ce, ta yaushe ce. Ku sayi busasshiya ta kalwa zalla, ku raba biyu, ku ci rabi, rabin ku sa a tukunyar ƙasa, ku riƙa shanyawa duk sa'ad da rana ta fito cikin marka, ku buɗe bayan hunturu ku yi miyar kuka da ita ba dunƙule ko ɗaya. In kuma Allah Ya haɗa ku da mai ta bara, kuka karya kuka ga cikinta ja, kuka ji ƙamshi ba wari ba, to kada ku nemi ragi. Ku ƙara mata a kan abin da ta faɗa.